Dabarun Gida: Mataccen firigo ya koma ɗakin bandar nama

Ranar layya da hantsi, daga Yamai har Damagaram, ƙamshi ɗaya ne ke tashi cikin unguwanni. An feɗe raguna, an tsire su bisa itatuwa gicciye, an jera su kewaye da wuta, su wuni nan har almuru. Kashegari a yi rabo, mata su aza kasko su soye sauran. Gidan da ke da mai da icce ya tsira da namansa. Gidan da ba shi da su, ko wanda nama ya yi ma yawa, kwana biyu kawai sai ƙuda ya ba da labari.

Layyar 2023, da ta 2024, da ta 2025, duk cikin watan Yuni suka faɗo, lokacin da hadari ke haɗuwa, iska kuma ta yi nauyi. Kilishi kuwa rana yake so da busasshiyar iska. In an shanya shi da safe, gajimare ya rufe da azahar, to aiki ya koma baya. Kuma ba layya kaɗai ke kawo wannan damuwa ba. Saniya takan karye a bakin rijiya a yanka ta ba shiri. Mahaucin ƙauye yakan ga kasuwar mako ta watse alhali cinya guda na rataye. Masuntan Madarumfa, da na Tabalak, da na Gidimuni sukan kama tarwaɗa fiye da abin da masu saye za su ɗauka a ranar.

Wani zai ce ai firigo na nan. Yawancin ƙauyuka wutar lantarki ba ta kai gare su ba. Mutanen birni ma ba su manta ba da abin da ya faru daga watan Agusta na 2023, lokacin da wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Mai nama cikin firigo a wancan lokaci ya kwana da tunani.

Ga kuma wani abu da kowa ke gani. Ƙofar kowane mai gyaran firigo a Maraɗi ko Tawa, akwai matattun firigo jingine da bango. Yawancinsu tsofaffi ne da suka gama aiki a Turai, aka yi shekaru ana shigo da su ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano. In injin ya ƙone, gyara ya fi kuɗɗin saye, sai a bar shi nan. Wasu su mai da shi ma'ajiyar kwanoni, wasu akurkin tattabaru. To, wannan akwatin ƙarfe mai ƙofa yana iya zama ɗakin banda. A Amurka an daɗe ana haka. Sai dai su can ɗanɗano suke nema: su kyafa nama su cinye a ranar, ragowar su sa cikin firigo mai rai. Mutumin karkarar Nijar buƙatarsa daban ce, so yake nama ya yi wata ɗaya ko biyu a rataye bai ɓaci ba. Wanda ya kwaikwayi tsarinsu ido rufe zai yi asara, sabo da haka a karanta da kyau.

Me ke tsare nama?

Mutane da yawa sun ɗauka hayaƙi ne. Hayaƙi yana da nasa taimako: yana korar ƙuda, yana ba nama launi da ƙamshi, yana rage ƙananan ƙwayoyin da ke bisa fatarsa. Amma a baya-baya aikinsa yake tsayawa. Ɗanyen nama marar kitse, wajen kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne, kuma cikin wannan ruwa ne ƙwayoyin ruɓa ke rayuwa. Sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin zafi. Zafin bazara a ƙasar nan, wanda ke wuce digiri 40, daidai yake da abin da suke so. Abu uku ke karya su: gishiri ya zuƙe ruwa, zafi ya kashe su, bushewa ta hana waɗanda suka rage sake tashi. Tsokar da ta yi baƙi a waje amma cikinta da danshi, ruɓa ce aka lulluɓe da hayaƙi.

Shi ya sa wata dabarar Turawa, ta kyafa nama da hayaƙi mai sanyi kwana da kwanaki ba tare da ya dahu ba, ba ta dace da nan ba. Su suna yin ta lokacin da ƙanƙara ke sauka. A Damagaram cikin watan Afirilu, kafin hayaƙin ya kama naman ya lalace. Bandar ƙasar zafi sai da zafi.

Ba kowane firigo ba

Nan ne ake samun haɗari, kuma nan ya kamata a daɗe.

Firigon da aka ƙera tun kafin shekarun 1960, cikinsa ƙarfe ne mai shafe irin na langa, tsakanin bangonsa kuma audugar gilashi ce wadda ba ta cin wuta. Irinsa ne mutanen Amurka suka fara amfani da shi. Yau da wuya a same shi. Na yanzu, farin cikin nan nasa roba ce, bayan robar kuma an cika bango da wani soso mai tauri, ruwan ɗorawa, wanda ke manne da ƙarfe kamar ƙaro. Wannan soso shi ke riƙe sanyi. In ya ji wuta kuwa sai ya fid da baƙin hayaƙi mai guba iri biyu: wadda ke fita daga gawayi a rufaffen ɗaki ta kashe mai barci, da wata da likitoci ke ce ma siyanur. Wanda ya hura wuta cikin firigon zamani bai cire roba da soso ba, guba ya turara ma iyalinsa. Babu rangwame a nan. Ko a cire su tas har ƙarfe ya fito fili, ko a bar aikin. Kuma ba a cire soso da ƙonawa don neman sauƙi. Da kurfi da guduma da wuƙar kankara ake ɓamɓare shi, a fili, an ɗaure hanci da ƙyalle. Aikin wuni biyu ne ga mutum mai haƙuri. Ɓarɓashin a zuba cikin buhu a binne shi nesa da rijiya, kada yara su kwashe su kai murhu.

Kafin a taɓa soso, sai an gama da iskar da ke cikin siraran bututun baya. Wannan aikin mai gyaran firigo ne, ba na mai gida ba. Tsofaffin firigo suna ɗauke da wata iska mai lamba R12, wadda ƙasashen duniya suka amince su daina a yarjejeniyar Montreal ta 1987, don tana cinye rufin sama da ke tare zafin hasken rana. Waɗanda suka zo daga Turai daga baya, da yawansu R600a ne ke ciki, ita kuwa ƴar uwar gas ɗin girki ce. Ba ta da yawa, amma tartsatsin injin yanka ƙarfe ya isa ya tashe ta. Lambar tana rubuce jikin baƙar tukunyar da ke ƙasa ta baya. Mai gyara ya zare iskar, ya kwance tukunyar da manta, ya cire wayoyi da ragar baya. Sau da yawa waɗannan kaya su ne ladansa.

Akwai wani firigo da ba a ko kusantar sa da zarto: mai aiki da kananzir ko gas, irin wanda aka daɗe ana ajiye maganin rigakafi a ciki a likitocin ƙauye. Shi ba shi da baƙar tukunya. Bututansa masu kauri ne, cike da amoniyak da wata iska mai kama wuta, an matse su da ƙarfi, har da wani gishiri ruwan ɗorawa mai guba da aka zuba don hana tsatsa. In aka huda shi, abin da zai feso yana iya makantar da mutum. Ko kyauta aka bayar, a yi godiya a wuce.

Wanda ya ji duk wannan ya ga wahala ta yi yawa, yana da gaskiya, kuma akwai mafita. Tsohon murhun gas mai tanda a ƙasa, wanda matan birni ke gasa kaza ko gato a ciki, ya fi firigo dacewa nesa. Tun asali don zafi aka ƙera shi. Cikinsa shafen langa ne, bangonsa audugar gilashi, ragoginsa na abinci ne, ƙofarsa na rufuwa da kyau. Abin da za a cire kaɗan ne: tiyon gas, da maɓallan roba, da wayoyi. Aibinsa ɗaya, ƙarami ne. Ya ishi gida mai rago ɗaya, bai ishi mahauci ba. Injin wanki kuma gangarsa ta ciki farin ƙarfe ce marar tsatsa mai huji-huji, tana yin ma'ajiyar garwashi mai kyau.

Ginawa

In an gama ɓamɓara, abin da ya rage kwano ne marar kauri, mai lanƙwasa kamar faifai, don sosan ne ke ba shi ƙarfi. Sai a kai ma mai walda ko maƙeri ya ɗaure kusurwoyinsa da ƙarfe mai kwana. Ya kankare fentin da ke jiki. Ƙofa ma a cire robar cikinta da baƙar roba mai maganaɗisu da ke gefe, a lulluɓe ta da baƙin kwano.

Baƙin kwano aka ce, ba kwanon rufin ɗaki ba. Kwanon rufi da duk ƙarfe mai farin shafen nan da masu walda ke ce ma galba, in ya sha wuta yana fid da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, gishirin nama kuma yana cin shafen. Ragogin firigon ma a zubar da su. Na yanzu roba ce aka shafa masu. Na da can wasu an shafe su da wani ƙarfe mai suna kadmiyom, har an samu mutanen da suka sha guba don sun gasa nama bisansu. Rodin gini sabo, wanda aka goge aka shafa ma man gujiya, ya wadatar. A jera shi hawa uku ko huɗu, tazarar santimitir 20 tsakanin hawa da hawa, na ƙasa duka ya yi nesa da gindin akwati da kamar santimitir 30. A lanƙwasa ƙugiyoyi da baƙar waya mai kauri.

Wurin zama a zaɓe shi nesa da rumbu, nesa da danni da rufin ciyawa, inda iska za ta kwashe hayaƙi ta fid da shi bayan gida. A gina dakali na tubalin laka, tsawonsa daga ƙasa santimitir 50 ko 60, a aza akwatin a kai. Murhu ba ya zama ƙarƙashin nama kai tsaye. A gefe ake gina shi, jikin dakalin, da ƴar ƙofa ta kwano wadda za a riƙa ja ana turawa don ƙara iska ko rage ta. Daga murhu a yi hanya mai faɗin tafin hannu, tsawonta rabin mitir zuwa mitir ɗaya, tana hawa sannu har ta ɓulla gindin akwati. Ana iya yin ta da baƙin bututu ko da tubali. Kada ta wuce haka, in ta yi tsawo zafi zai mutu a hanya, a koma ga hayaƙi mai sanyi da aka yi galgaɗi a kansa.

Bisa bakin hanyar, daga ciki, a aza faranti na ƙarfe bisa duwatsu uku. Aikinsa biyu: ya watsa zafi ko'ina, ya tare kitsen da ke ɗiga. A zuba masa rairayi mai tsabta, a riƙa sauyawa.

A rufin akwati a huda rami a dasa bututu mai faɗin santimitir 8 ko 10, da marfin gwangwanin tumatir da zai riƙa juyawa bisa ƙusa. Daga nan sai magini ya karɓa. A kewaye akwatin da tubali ta gefe uku, ko a yaɓe shi da laka mai ramno kaurin yatsa huɗu. Lakar ce za ta maye gurbin sosan da aka cire, ta riƙe zafi, ta rage cin icce. Da damina a yi masa ƴar rumfar kwano.

Maganar ƙofa ba ƙarama ba ce. A Amurka sai da aka kafa doka a 1956 game da ƙofar firigo, sabo da yara da ke shiga matattun firigo wajen wasan ɓuya, ƙofa ta kulle, numfashi ya ƙare. Tun ranar da aka kawo akwatin gida a kwance ƙofarsa a jingine daban. In an gama gini, a sa mata kwaɗo duk lokacin da ba a aiki.

Kafin nama ya shiga, a hura babbar wuta, akwati wayam, bututu a buɗe, awa uku ko huɗu. In an ji warin roba ko na fenti, da sauran aiki: a bari ya huce, a nemo inda ya maƙale a kankare, a sake. Sai hanci ya daina jin komai ban da icce. Sa'an nan a shafe cikin da man gujiya a ƙara masa awa ɗaya.

Icce da hayaƙi

Me ya sa aka raba wuta da nama? Dalilin daga Gana da Senegal ya fito. A 1969, a Chorkor, unguwar masunta a Akara, ma'aikatan FAO, wato hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da masu binciken abinci na Gana, tare da matan da ke bandar kifi, suka fito da wani murhun laka da ake jera ragogi masu katako bisansa. Ya rage cin icce, ya ɗauki kifi da yawa, ya bazu cikin Afirka ta Yamma. Daga baya bincike ya nuna aibinsa: kitse na ɗiga cikin wuta, hayaƙi ya yi kauri, wani dafi mai suna benzopiran ya manne ma kifin. Wannan dafi yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji. Tun 2014 ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda ya wuce mikrogaram 2 cikin kilo na kyafaffen nama ko kifi ba, mikrogaram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na garam. Daga 2008 FAO ta sake aiki da wata makarantar masunta a Thiaroye, kusa da Dakar, aka fito da sabon murhu mai farantin tare kitse, mai aiki da garwashi maimakon harshen wuta. Farantin nan da murhun gefe da aka faɗa a sama, daga wannan darasi suke.

Ke nan garwashi ake so, ba balbali ba. A bari icce ya ci ya faɗi, sa'an nan a riƙa ɗora guntu ɗaya ko biyu. Hayaƙi mai kyau siriri ne, shuɗi-shuɗi, da ƙyar ake ganin sa. Fari mai kauri ko baƙi alama ce wuta ta shaƙe, a buɗe mata ƙofa. Marfin bututun sama ba a rufe shi duka. In an rufe, ruwan da ke fita daga nama ba shi da hanya, ya koma ya ɗiga kansa da baƙin kunkunniya mai ɗaci.

Busasshen icce mai nauyi shi ne na banda: bagaruwa, marke, ƙirya, taramniya, ko rassan mangwaro da gwaba da aka sassabe a garka. Totuwar masara da ɓawon gujiya suna taimakawa. Bedi yana sa ɗaci, iccen turare yana sa ma nama warin magani. Tumfafiya da aguwa da duk icce mai farin ruwa, a nisance su. Katakon da aka shafa ma fenti, da falankin akwati, da taya, da leda, ba su shiga wannan murhu ko don tada wuta. Kananzir ma haka. Sai kuma a tuna dokar gandun daji: gawo da wasu itatuwa an hana saran su, matattun rassa kaɗai ake tsinta. Wanda ya sare ɗanye don banda, tara zai biya.

Ranar aiki

Nama ya shiga gishiri a ranar da aka yanka, ba wanda ya kwana ya fara sauya launi ba. A fid da kitse iyakar iyawa, don shi ke fara juyawa ya yi wari ko da tsoka ta bushe. Kitse da kayan ciki nasu kasko ne. A yanyanka tsoka dogo-dogo, bin jijiya, kaurin yatsa ɗaya, kuma duka kauri ɗaya. In an haɗa manya da ƙanana, ƙananan su ƙone manyan ba su bushe ba.

Kowane kilo na nama garam 30 na gishiri, wato babban cokali biyu a shafe. Mai son yaji ya ƙara tafarnuwa, citta, barkono, masoro, amma ba su maye gurbin gishiri. A cuɗa sosai, a rufe da ƙyalle mai tsabta a inuwa, awa biyu. A rataya, kada wani ya taɓa wani.

Wuta mataki uku ce. Da farko kaɗan, wajen digiri 60 zuwa 70, ƙofa a ɗan buɗe, awa ɗaya ko biyu, har bayan naman ya daina sheƙi. In aka fara da wuta mai ƙarfi, baya zai ƙame ya kulle ruwa a ciki. Na biyu a rufe ƙofa a ƙara garwashi, zafi ya kai 90 zuwa 110, awa biyu ko uku, har ya dahu. Masu ma'auni mai tsinke su soka shi cikin tsoka mafi kauri: jan nama ya wuce digiri 70, kaza da zabo su kai 74. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗiga ruwa bisa farantin ƙarfe, in ya yi cuu ya tashi nan take, an kai wajen ɗari. Ya kuma tsaga tsoka ɗaya ya duba, kada a ga ja ko ruwan jini.

Mai son ci yau da gobe yana iya tsayawa nan. Mai ajiya kuwa yanzu ya fara. A rage wuta ta koma 60 zuwa 70, bututu a buɗe, a bar shi dare guda, wani lokaci har wunin gobe. Hawan ƙasa ya fi zafi, sai a riƙa sauya masu wuri. Wannan mataki ne ke gwada mutum, don ƙamshi ya cika gida, yara sun kewaye, ga barci. Yawancin bandar da ke yin funfuna bayan mako guda, a nan aka gaggauta ta.

Sikeli ba ya ƙarya. A auna nama kafin gishiri, a auna bayan banda. Kilo 10 ya kamata ya koma kilo 4 ko ƙasa da haka. In ya tsaya a 6, bai bushe ba. Ba sikeli, a lanƙwasa guntu: ya tsage, farin zare ya bayyana, a matsa ba danshi.

Kifi haka yake, sai dai a fid da hanji da ƙasumba a wanke da ruwa mai tsabta, babba a tsaga shi ko a yanka gunduwa-gunduwa kamar yadda masu bandar tabkin Cadi ke yi. Tarwaɗa tana da kitse, farantinta yakan cika da wuri. Kuma akwatin da ya sha kifi, warinsa na bin nama. Mai yin duka biyu ya ƙone shi wayam tsakani.

Bayan an sauke

A bari ya huce sarai cikin akwatin, ƙofa a rufe don ƙuda. Kada a ɗaure shi cikin leda da ɗumi, zai yi gumi, gumi ya kawo funfuna. Buhun yadi mai tsabta, ko kwali, ko kwando mai marfi, a rataye inda iska ke ratsawa, ɓera bai kai ba. Da damina nama yana sake shan danshi daga iska, sabo da haka duk mako a duba shi, in ya yi laushi a mai da shi akwati awa biyu ko uku. Wannan mayarwa ita ce kuma maganin ƙwaron nan da ke huda busasshen kifi. Wasu ƴan kasuwa suna yayyafa piya-piya ko maganin auduga bisa banda don korar sa. Wannan kashe mutane ne da sannu, kuma mai akwati ba shi da uzurin yin haka tun da wuta na hannunsa. Wajen ci, a jiƙa shi ya rage gishiri, a tafasa cikin miya.

Mahaucin da ke son sayarwa ya yi lissafi tukuna. A misali, in kilon ɗanye ya tsaya masa jika 3, kilo 10 jika 30 ke nan, kuma su ne suka koma kilo 4. Kowane kilo na banda ya tashi jika 7 da rabi, ba a sa icce da gishiri da kwanan zaune ba. Wanda ya sayar ƙasa da haka don ganin kuɗɗi a hannu, uwar kuɗɗinsa yake ci. Ribar akwatin ta fi fitowa ga naman da da ma asara za a yi, da kuma inda mutane da yawa suka haɗu a kan guda. Ƙungiyar mata ko mahautan kasuwa ɗaya suna iya haɗa kuɗɗin walda, su yi kamun rana.

Akwai naman da akwati ba ya gyarawa. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko ta baya, saifa ta kumbura, ba a feɗe ta balle a kyafa. Ƙwayar ciwon saifa tana jure zafin da ya fi na banda, tana kuma shekaru cikin ƙasa. A 2016, a yankunan Cintabaradan da Tasara cikin jihar Tawa, wani zazzaɓi da ke sa dabbobi ɓari ya kama makiyaya har aka yi rashe-rashe, kuma taɓa jini da naman dabba marar lafiya yana cikin hanyoyin kamuwa da shi. Dabbar da aka yanka don karaya ko ƙaho daban, wadda aka yanka don ciwo daban. Ta biyun sai ma'aikacin kiwo ya duba ya ba da izini kafin wuƙa ta shiga. In ya ce a binne, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya da makiyaya, a binne ta da fatarta.